Bokshot ko dunƙule: wanne ya dace da barewa, kuma daga nisan mita nawa?

Baban Usaina: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana. Bindiga ce geji 12 (ma'aunin faɗin bututu ke nan) mai baki ɗaya, irin wadda ake ja da hannu ta ɗora harsashi, cikin bututunta sumul babu zare, ɗakin harsashinta inci 3. Ga kwali uku: ɗaya an rubuta 00, ɗaya lamba 1, na ukun kuma dunƙulen dalma ne guda mai giram 28. Farautar barewa ce a daji mai duhuwa inda ba a hangen nesa. Wanne ya kamata a ɗora, kuma har mita nawa mutum zai yarda ya harba?

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ka tabbata wannan lamba 1 ɗin ta bokshot ce, wato harsashi mai manyan ƙwayoyin dalma da yawa, ba ta harbin tsuntsu ba, domin lambobin sun yi kama kuma nan mutane ke ruɗewa. Misali lamba 4 ta tsuntsu faɗin ƙwayarta milimita 3.3 ne, lamba 4 ta bokshot kuwa milimita 6.1. Girman na bokshot a lissafin Amurka: lamba 4 milimita 6.1, nauyi wajen giram 1.3, lamba 1 milimita 7.6, giram 2.6; 00 milimita 8.4, giram 3.5; 000 milimita 9.1, giram 4.5. Idan kwalin na Ingila ne za ka ga haruffa maimakon lamba. SG shi ne daidai da 00, LG daidai da 000, SSG wajen milimita 6.8, AAA wajen 5.2.

A harsashi mai tsawon inci 2¾, wato milimita 70, akan zuba 00 guda 9, ko lamba 1 guda 16, ko lamba 4 guda 27, ko 000 guda 8. A na inci 3, 00 kan kai 15, lamba 1 ta kai 24.

Maganar nisa kuwa, babu wanda zai iya faɗa maka daga nan. Bindiga biyu 'yan kamfani ɗaya, harsashi daga kwali ɗaya, sai ka ga wannan ta tara ƙwayoyin wuri guda, waccan ta watsar. Takarda ce za ta ba ka amsa. Amma don kada ka tafi hannu rabbana: yawancin bindigogi da bokshot na gama-gari iyakarsu tsakanin mita 25 ne zuwa 35.

Ɗan Autan Maharba: Malam, da girmamawa, 35 ai ka rage mata hannu. A saka 00 na inci 3 mai ƙwaya 15 a cok (matsewar bakin bututu) mafi matsi, mita 60 ma barewa faɗuwa take.

Malam Garba: Takan faɗi, Auta, idan ƙwaya ɗaya ta yi sa'ar ƙashin baya ko kai. Waɗanda suka gudu da ƙwaya biyu a tumbi suka je suka mutu bayan kwana uku, su ba a ba da labarinsu.

Injiniya Bala: Bari in sa lissafi a maganar don kada ta zama ta fatar baki. Ƙwayar 00 mai giram 3.5, idan ta bar bakin bindiga da gudun mita 400 a sakan, ƙarfinta jul 280 ne (jul ma'aunin ƙarfi ne). Lamba 1 a wannan gudun jul 208, lamba 4 kuwa 104. Dunƙule mai giram 28 da ke fita da gudun wajen mita 480 a sakan ya haura jul 3,000 shi kaɗai. Ke nan ƙwayar bokshot guda ɗaya ba ta wuce harsashin ƙaramar bindigar hannu ba tun a bakin bututu. Kuma zagayayyen abu ba ya yanka iska da kyau. Kafin ta kai mita 40 gudun ya sauko zuwa wajen mita 300, ƙarfin ya kusa raguwa da rabi, domin ƙarfi na bin gudu ne sau gudu.

Abin da ke kashe barewa da bokshot shi ne ƙwayoyi da yawa su shiga huhu da zuciya lokaci guda. Wurin nan a barewa matsakaiciya faɗinsa bai wuce santimita 20 zuwa 25 ba. Abubuwa biyu ke lalacewa tare yayin da nisa ke ƙaruwa: ƙwayoyin na bajewa, kowacce kuma ƙarfin hudawarta na raguwa. A mita 60, ko ƙwaya 15 ka harba, da wuya fiye da ɗaya ko biyu su faɗa wannan da'irar, kuma ba kai ke zaɓa musu wurin sauka ba.

Wani abu game da mai ƙwaya 15 ɗin: nauyin dalmarsa ya haura giram 52, na mai 9 kuwa 31 da rabi. Kamfanoni kan rage masa gudu zuwa wajen mita 370 don kada matsin ya wuce ƙa'ida. To ka samu ƙarin ƙwaya, amma kowacce ta fi rauni, ga shurin da ke sa mutum ya runtse ido tun bai taɓa kunama ba.

Baban Usaina: Na gode. To wannan gwajin takardar yaya ake yin sa?

Malam Garba: Ka nemi faffaɗan kwali ko takarda, aƙalla mita ɗaya a tsaye mita ɗaya a kwance. Idan ta yi ƙanƙanta ba za ka ga inda ɓatattun ƙwayoyi suka nufa ba, alhali su ne rabin darasin. Ka zana da'ira mai faɗin santimita 25 a tsakiya, ka sa ɗigo baƙi a cibiyarta. Bayan takardar ya zama tudun ƙasa mai laushi, ba dutse ba, ba ruwa ba. Ka auna nisan da tef, kada ka yi da taku, don taku yaudara gare shi. Fara da mita 15, sai 25, sai 35, sai 45. A kowane zango ka harba aƙalla uku, biyar ya fi, kowane harbi da sabuwar takarda ko ka liƙe ramukan baya. Ka ɗora bindigar a kan buhun yashi don hannunka ya fita daga lissafin.

Abu uku kake dubawa. Na farko, ƙwaya nawa suka shiga da'irar. Na biyu, tsakiyar tarin ya zo daidai da inda ka saita, ko ya hau sama, ko ya karkata gefe? Bindigogi da yawa da aka ƙera don tsuntsu suna jefa tarin sama kaɗan da gangan. Na uku, akwai rami a tsakiyar tarin? Wani harsashin sai ya zagaye da'irar ya bar cikinta wayam.

Ma'aunin da nake ba da shawara: 00 aƙalla huɗu a cikin da'irar, lamba 1 aƙalla shida, kuma a mafi munin harbinka, ba mafi kyau ba. Zangon ƙarshe da ya cika wannan sharaɗin shi ne iyakarka. Idan a mita 35 ka samu biyar, biyar, sai biyu, to bindigarka ba ta kai 35 ba. Ka canza harsashi ko cok ka sake. In ka sayi sabon kwali na wani kamfani, gwaji ya koma farko.

Ɗan Maƙera: Zan tsaya a kan cok, don Auta ya ambaci mafi matsi. Cok matsewa ce a ƙarshen bututu. Cikin bututun geji 12 milimita 18.5 ne. Wanda ba shi da matsi ko kaɗan shi ake kira silinda. Na gaba, mai matsi kaɗan, ya rage wajen milimita 0.25, na tsakiya 0.5, cikakke kuma 0.75 zuwa 0.9. Da ƙananan ƙwayoyin tsuntsu abin a miƙe yake, ƙarin matsi ƙarin taruwa. Da bokshot ba haka ba ne kullum.

Ku duba yadda ake jera 00 guda 9 a cikin kwanso: uku uku, hawa uku. Ƙwaya uku masu milimita 8.4 idan suka zauna kusurwa uku suna buƙatar da'ira mai faɗin kusan milimita 18.1. Bakin cikakken cok kuwa wajen 17.7 ne. To ina za su bi? Dole su matse juna su lotsa, ko su turmutsa su sauya jeri cikin ƙiftawar ido. Ƙwayar da gefenta ya baje ba ta tafiya a miƙe, iska ce ke karkatar da ita. Shi ya sa sau da yawa cok na tsakiya ke tara 00 fiye da cikakke, musamman idan dalmar mai laushi ce.

Lotsewar ma tun cikin ɗakin harsashi take farawa. Da albarushi ya kama, ƙwayoyin hawan ƙasa su ke ɗaukar nauyin na sama. Masu ƙera harsashi mai kyau na maganin wannan ta hanya uku: su haɗa dalmar da antimoni ta yi tauri, su shafe ta da jan ƙarfe ko nikel, su kuma cike tsakanin ƙwayoyin da garin roba. Idan ka girgiza harsashi kusa da kunne ka ji ƙwayoyi na kaɗawa, babu wannan garin a ciki, ko ya zube ta bakin kwanson. Harsashi mai araha wanda dalmarsa ke goga jikin bututu kai tsaye, babu kofin roba da ke riƙe ƙwayoyin, shi ne wanda tsohon lissafi ya ce yana bajewa inci ɗaya a kowane yadi: a yadi 30 tarin ya kai faɗin santimita 76.

Akwai kuma kofin da kamfanin Federal ke kira FliteControl, wanda ba ya buɗewa daga gaba, yana riƙe ƙwayoyin har sai sun yi 'yar tafiya sannan ya ja baya. Wannan ya fi son silinda ko matsi kaɗan. Ka sa shi a cok mai tsanani ko mai hudoji a gefe, sai ka ɓata abin da ka biya kuɗi dominsa.

Ɗan Autan Maharba: To ai akwai cok da ake yi musamman don bokshot, masu matsi sosai, kuma suna aiki.

Ɗan Maƙera: Akwai, ban musa ba. Amma ka lura dogaye ne, suna leƙowa waje, matsin na zuwa a hankali sannan a bar wani sashe miƙaƙƙe a ƙarshe don ƙwayoyin su daidaita. Da harsashi mai tauri sukan ƙara maka mita 10, wani lokacin fiye. Sai dai shi ma takarda ce za ta tabbatar, kuma ba ya ƙara wa ƙwaya ƙarfin hudawa.

Injiniya Bala: A tsakanin kwalaye biyun da Baban Usaina ya ambata, ni lamba 1 zan zaɓa. Dubi lissafin. Tara na 00 idan ka haɗa faɗin fuskarsu wajen murabba'in milimita 500 ne. Sha shida na lamba 1 wajen 730. Nauyin dalma giram 42 a kan 31 da rabi. A mita 30, inda rabin ƙwayoyin kan fita daga da'ira, mai 16 ya bar maka takwas, mai 9 ya bar huɗu ko biyar. Ramuka takwas a huhu biyu ba wasa ba ne.

Malam Garba: Injiniya, lissafinka daidai ne muddin barewar ta tsaya a gicciye ta ba ka haƙarƙari. Haƙarƙari siriri ne, ko lamba 1 ta fasa shi ta wuce. Amma dabba ba kullum take tsaya maka yadda kake so ba. Idan ta ɗan fuskanto ka, ƙwaya za ta fara cin karo da tsokar kafaɗa da ƙashinta, a nan nauyin 00 ko 000 ke nuna kansa. Ga babbar barewa mai kauri, 00 na fi amincewa da shi. Ga ƙarama, lamba 1 ta wadatar. Lamba 4 dai kada ta wuce mita 20, in ma dokar wurin ta yarda da ita.

Injiniya Bala: Na yarda da rabin maganar. Idan ta fuskanto ka a karkace, shawarata a jira ta juya, kowace ƙwaya ke cikin bindigar.

Dakta Hauwa: Sannunku da ƙoƙari. Ta fuskar jikin dabbar zan yi magana. Wurin saiti shi ne bayan ƙafar gaba kaɗan: ka bi layin ƙafar zuwa sama, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na tsayin ƙirji daga ƙasa, ko ƙasa da rabi kaɗan. Zuciya na can ƙasa tsakanin ƙafafun gaba, huhu ya lulluɓe ta ya yi sama da baya. Bayan huhu sai tantanin da ya raba ƙirji da ciki, sai hanta, sai tumbi. Idan dabbar ta ba ka baya a karkace, ka saita kamar kana son harsashin ya fita ta kafaɗar can gefen. Harbin kai da bokshot kada a yi. Ƙwaƙwalwa ƙarama ce, kai kuma ba ya tsayawa wuri guda, abin da aka fi samu shi ne a farfasa muƙamuƙi dabbar ta tsere, ba ci ba sha. Harbi daga baya tsaf shi ma haka, cinya da hanji kawai za a lalata.

Matsalar da ba a faɗa ba tukuna ita ce jini. Ƙwayar bokshot ramin da take yi ƙarami ne, kuma yawanci ba ta fita ta ɗaya gefen, takan maƙale ƙarƙashin fata. Fata da kitse su toshe ramin shiga, jinin ya taru a cikin ƙirji. Sai ka ga dabba ta mutu a mita 70 amma ƙasa babu ɗigo ko ɗaya a mita 30 na farko. Don haka rashin ganin jini ba hujja ba ce ta cewa an kuskure. A sa alama a inda mutum ya tsaya, a sa a inda dabbar take lokacin harbi, a sa a inda aka yi mata ganin ƙarshe. A duba gashi da ya zuba da sawun da ya nutse.

In an ga jini, launinsa na magana. Ja mai haske da kumfa, huhu ne, a jira kamar rabin awa a bi. Ja mai duhu sosai, hanta ce, a ba ta awa uku zuwa huɗu. Idan da ruwa kore-kore ko ɓurɓushin ciyawa da wari, tumbi ne, wannan sai awa takwas ko fiye. Dabbar da aka harba a ciki takan kwanta kusa idan ba a tayar da ita ba. Aka matsa mata, sai ta tashi ta yi nisan da ba za a same ta ba. Zafin rana da ruwan sama kan tilasta a rage jiran, wannan kuma hukuncin mai farauta ne a wurin.

Baban Usaina: Dakta, Allah ya saka. Da wannan bayanin kamar dunƙulen ya fi ke nan?

Malam Garba: Ga wanda zai zauna ya jira dabba ta fito ta tsaya, eh, dunƙule ya fi nesa ba kusa ba. Rami ɗaya ne mai faɗin kusan milimita 18, sau da yawa ya fita ta can gefen, jini ya zuba ta ƙofa biyu, nama kuma ba ya cika da dalma ko'ina. Bokshot wurinsa kurmi ne mai sarƙaƙiya inda dabba za ta bayyana a mita 15 ko 20 tana tafiya, ka samu sakan biyu kacal. Shi ya sa ya yi ƙarfi a kudancin Amurka, irin su Bajiniya da Karolina, inda ake kora barewa da karnuka a cikin fadama.

Ɗan Maƙera: Dunƙule kashi uku ne, kuma kowanne da bututunsa. Akwai samfurin Foster, wanda Karl Foster ya ƙirƙiro a Amurka a 1931: dalma mai laushi, gindinta rami ne, nauyin duk yana gaba. Akwai na Brenneke, wanda Wilhelm Brenneke ya fito da shi a Jamus a 1898: dalmar ta fi tauri kuma cike take, toshiyar da ke raba ta da albarushi na manne da gindinta tana tafiya tare da ita kamar jela, shi ya sa ya fi huda ƙashi. Waɗannan biyun na bututu mai sumul ne irin na Baban Usaina. Tsage-tsagen da ke jikinsu ba su ne ke daidaita su a iska ba, nauyin gaba ne ke yin wannan. Amfanin tsagen shi ne dalmar ta samu wurin matsewa idan ta zo cok. Silinda ko matsi kaɗan ya fi dacewa da su.

Na ukun shi ne mai rigar roba: harsashi siriri a cikin riga wadda ke yayewa bayan fita. Wannan sai bututu mai zare a ciki, domin juyawa ce ke miƙar da shi. A bututu mai sumul tuntsurawa yake, ya bugi takarda a kwance, kuɗinka ya tafi a banza. A bututu mai zare da madubin saiti kuwa yana kaiwa mita 100 zuwa 150 lafiya lau. Kishiyar haka ma gaskiya ce: ka harba bokshot a bututu mai zare, juyawar za ta wurga ƙwayoyin gefe gefe, tarin ya zama zobe, tsakiya fayau. Foster a bututu mai zare zai fita, amma zai shafe zaren da dalma cikin 'yan harbi kaɗan.

Da ɗan ƙwallon saiti guda ɗaya da ke bakin bindigar tsuntsu, mita 50 ne iyakar adalci ga Foster. Da saiti na gaba da na baya, 75. Ka gwada a mita 50, harbi uku zuwa biyar. Idan duk suka zauna cikin santimita 12 zuwa 15 kuma a inda ka nufa, ka samu abin farauta. Bayan mita 75 saukarsa ƙasa na ƙaruwa da sauri.

Sabon Shiga: Don Allah mai geji 20 fa? Kuma mene ne ma gejin?

Injiniya Bala: Idan aka raba dalma mai nauyin laba ɗaya, giram 454, zuwa ƙwallaye 12 daidai wa daida, faɗin kowanne shi ne faɗin bututun geji 12. A raba 20, ka samu geji 20, milimita 15.6. Ƙaramar lamba, babban bututu. Bokshot na geji 20 yawanci lamba 3 ne guda 20, ko lamba 2 guda 18 a na inci 3. Ƙwayoyin ƙanana ne, kada ka wuce mita 20 zuwa 25. Dunƙulensa kuwa, giram 18 zuwa 21, yana kashe barewa sarai, ga sauƙin shuri. Mai geji 20 ya riƙe dunƙule kawai.

Ɗan Autan Maharba: Wasu na ɗora bokshot a farko, dunƙule a bayansa, ko a mai baki biyu kowane baki da nasa. Me kuka gani?

Malam Garba: A mai baki biyu da kunama biyu yana da ma'ana, tunda kai ke zaɓar bakin da zai tashi. Dunƙule a bakin da ya fi buɗewa, bokshot a ɗayan. Amma a gwada kowane baki daban, don ba lallai su jefa wuri guda ba, wani sa'in tazarar ta kai tafin hannu biyu a mita 50. A bindigar da ake jerawa a bututun ƙasa kuwa ban so, domin cikin gaggawa mutum kan manta abin da ke ɗaki, ya harba bokshot a nisan dunƙule.

Ɗan Maƙera: Tunda an zo kan ɗora harsashi, ga abubuwan da ke fasa bindiga. Tsawon da aka rubuta a kwali tsawon kwanso ne bayan ya buɗe. Don haka kafin a harba shi, harsashin inci 3 yana iya shigewa ɗakin inci 2¾ ya rufe lafiya, amma da ya tashi bakin kwanson ba shi da wurin buɗewa, sai ya buɗe cikin mazurarin bututu ya matse hanya, matsi ya hau. A karanta abin da aka buga a jikin bututun: 12/70 (ɗakin inci 2¾) ko 12/76 (ɗakin inci 3). Gajere a dogon ɗaki ba laifi, dogo a gajere haramun.

Na biyu, harsashin geji 20 a bindiga geji 12. Zai zame ya wuce ɗaki ya maƙale a gaba, mutum ya ga ɗaki wayam ya ɗora na 12 a bayansa. Wannan na tarwatsa bututu daidai inda hannun hagu yake. Dalilin da ya sa kamfanoni da yawa ke yin na geji 20 rawaya ke nan. Kada su haɗu a aljihu ɗaya.

Na uku, idan harbi ya yi ƙara mai rauni ko shurin bai kai yadda aka saba ba, a tsaya, a cire harsashi, a leƙa bututun daga baya. Toshiyar roba kan maƙale a ciki idan albarushi ya sha danshi. Laka a bakin bututu ma haka take yi. In ka ja kunama ka ji ƙyas ba tashi, bindiga ta ci gaba da kallon wuri mai aminci na aƙalla sakan 30 kafin a buɗe. Tsofaffin bututu na naɗaɗɗen ƙarfe, waɗanda aka yi don baƙin albarushi, ba a sa musu harsashin zamani sam. Yanka kwanson harsashin tsuntsu ko zuba masa kakin kyandir don ya tafi a dunƙule shi ma wasa da rai ne, kuma ba ya huda dabba yadda ake zato.

Shugaban Zaure: Tunatarwa kan doka, don ta bambanta ƙwarai. A Amurka kowace jiha da tata: jihohin kudu da dama sun halatta bokshot, amma irin su Ohayo da Ilinoi harsashi guda ɗaya suka yarda da shi ga barewa. Jamus ta hana harbin barewa da ƙwayoyi. Suwidin da Denmak sun yarda a harbi ƙaramar barewar nan ta Turai da su a kusa. A Ingila dokar barewa ta 1991 ta hana irin wannan bindigar, sai ga mai gona da ke kare amfaninsa bisa sharuɗɗa, shi ma da geji 12 ko wanda ya fi shi faɗin bututu, da AAA ko dunƙulen da bai gaza giram 22.68 ba. Kalifoniya ta hana harsashin dalma a duk wata farauta tun Yulin 2019. Kowa ya nemi lasisin bindiga da na farauta, ya san lokacin da aka buɗe da irin dabbar da aka yarda a taɓa.

Injiniya Bala: A ƙara da abin da ke bayan dabbar. Mutane na ɗauka tunda bokshot ba ya kisa da kyau a mita 60, to a can ya ƙare. Tsohon lissafin nisan ƙwayar dalma shi ne a ninka faɗinta na milimita sau 80. Ga 00, mita 670 ke nan idan bakin bindiga ya ɗaga sama. Ƙwaya tara, hanya tara, kuma zagayayyar dalma na tsalle idan ta bugi dutse, busasshiyar ƙasa ko fuskar ruwa. Dabbar da ke kan tudu sama ce kawai a bayanta, ba a harbinta. A farautar kora kowa ya san inda na damansa da na hagunsa suke tsaye kafin a saki karnuka. Rigar ruwan lemo mai ƙyalli ba ta korar barewa, idonta ba ya rarrabe ja da lemo sosai, shuɗi ne take gani da kyau.

Dakta Hauwa: Wajen fiɗa kuma, a bi kowane rami a ciro ƙwayar, a yanke naman da ya kewaye hanyarta da ɗan faɗi, musamman inda ta bugi ƙashi, don nan dalma ke ɓarɓashewa. Dafuwa ba ta kawar da dalma, kuma ta fi illa ga ƙananan yara da masu juna biyu. Kayan cikin da ke da dalma a binne su, ungulu da mikiya na mutuwa da ita.

Baban Usaina: Madalla. Ke nan zan gwada lamba 1 da 00 a cok na tsakiya, dunƙulen kuma a mai matsi kaɗan. Sai na riƙa canza cok a daji ke nan?

Ɗan Maƙera: A'a. Ka fara gwada duka ukun a mai matsi kaɗan, sannan duka ukun a na tsakiya. Foster na dalma mai laushi yana wuce na tsakiya ba tare da lahani ba, abin dubawa kawai ko ya taru. Wanda ya fi yi wa biyun adalci shi za ka bari a bindigar. Ka goge bututun da burushin tagulla tsakanin gwajin dunƙule da na bokshot, don dalmar da ta shafu na sauya sakamako. Ka shafa ɗan maiko a zaren cok ɗin, ka ɗaure da makullinsa, ka kuma sake taɓa shi bayan kowane harbi biyar, bindiga a buɗe ba harsashi. Idan ya kwance ko da zagaye ɗaya ne, dunƙule na iya kama gefensa ya fita da shi.

Ɗan Autan Maharba: Ni dai har yanzu ina ganin mita 45 na yiwuwa da harsashi mai kyau.

Malam Garba: Yana yiwuwa. Turo hoton takarda biyar a jere daga mita 45, kowacce da huɗu a cikin da'ira, da sunan harsashin da na cok ɗin.